Ciwon Dajin Ƙoda Mai Bin Jijiyar Jini, Da Aikin Da A Ke Yi Masa

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba kullum a kan gamu da shi ba, amma idan ya zo ba ya son jinkiri ko kaɗan. Ciwon nan shi ne dajin ƙoda, wanda waɗansu ke kira sankara, waɗansu kuma kansa. Za mu faɗa muku yadda ya ke farawa, da alamun da za ku gane shi da su, da yadda ya kan shiga babbar jijiyar jini ya bi ta har ya doshi zuciya. Sa'an nan za mu bayyana muku aikin da likitocin fiɗa su ke yi su fitar da shi. Ku kasa kunne da kyau, gama wanda ya ji ya kuma gane, shi ne zai iya ceton kansa ko ɗan'uwansa.

Aikin ƙoda

Kowannenku ya taɓa ganin ƙoda a teburin mahauci. Ta mutum ma siffarta ke nan, sai dai ta fi ta akuya girma. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagun, can baya a ƙarƙashin haƙarƙari, kowace kuwa ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Aikinsu tace jini. Kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ta ke turawa, ga ƙoda ya ke zuwa. A kwana ɗaya su kan tace ruwa wajen lita 180, watau kamar garwa 10 ke nan. Kusan dukan ruwan nan su kan mayar wa jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu tare da dattin jiki, shi ne fitsari.

Kowace ƙoda tana da jijiya mai kawo mata jini, da wata mai ɗauke jinin da ta tace. Ita mai ɗaukewar tana zuba a cikin wata babbar jijiya, kamar yadda rafi ya ke zuba a kogi. Babbar jijiyar nan kaurinta ya kai babban yatsan hannu, ko ya ɗara. Tana tattara jinin ƙafafu da na ciki duka, ta haura ta gefen ƙashin baya, ta bi ta bayan hanta, ta ratsa tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ta zuba a ɓangaren dama na zuciya. Ku riƙe wannan hanya a ranku, domin ita ce hanyar da ciwon ya kan bi.

Mene ne dajin ƙoda?

Daji tsiro ne na naman jikin mutum kansa, wanda ya ƙi tsayawa inda ya kamata ya tsaya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya bin iska ko ƙwarya ko tabarma. Saboda haka kada ku guji mai shi, kada ku ware masa kwano. Ba kuwa sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ana samunsa a kowace ƙasa. A shekarar 2020 mutum fiye da 400,000 ne a ka samu da dajin ƙoda a duniya.

Ya fi kama wanda ya ba shekara 50 baya, ko da ya ke mu kan gan shi ga waɗanda ba su kai haka ba. Maza sun fi mata kamuwa, kusan ninki biyu. Abubuwa uku ne a ka tabbatar suna ƙara haɗarinsa: shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini. Akwai kuma wani iri dabam wanda ke kama yara ƙanana, za mu zo kansa a gaba.

Alamun da za ku lura da su

Mugun halin ciwon nan shi ne shiru. Ya kan yi watanni, har shekaru, yana girma mutum bai sani ba. Idan ya fara bayyana, ga abin da a kan gani.

Na fari, jini a cikin fitsari. Sau da yawa ba zafi, ba raɗaɗi. Fitsarin ya kan yi ja tun daga farko har ƙarshe, ko ya yi kamar ruwan shayi, wani lokaci da gudajin jini. Ya kan zo kwana ɗaya ko biyu ya ɗauke, mutum ya ce ya warke, sai bayan wata guda ko uku ya komo.

Na biyu, ciwo a kwiɓi ɗaya wanda ba ya tafiya. Na uku, ƙullutu mai tauri a gefen ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ku sani ba lalle ne ukun nan su haɗu ba. Wajen mutum 1 cikin 10 ne kaɗai a kan same su duka gare shi, kuma sa'ad da su ka haɗu, yawanci ciwon ya riga ya yi nisa. Kada ku jira sai sun cika uku. Ɗaya ma ta isa ta kai ku asibiti.

Har wa yau akwai rama ba dalili, da kasala, da ƙarancin jini, da zazzaɓin da ke zuwa yana komowa alhali an sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba.

Idan kuwa tsiron ya shiga babbar jijiya ya tare hanyar jini, sai waɗansu alamu su ƙaru. Ƙafafu duka biyu su kumbura. Jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a fatar ciki, domin jini yana neman wata hanya. Ga namiji kuma, gafara dai, jijiyoyin jakar maraina su kan kumbura farat ɗaya a gefe guda, su murɗe kamar igiya, ko ya kwanta ba sa saɓewa. Dattijon da ya ga haka kada kunya ta hana shi faɗa wa malamin asibiti.

Kada a ce tsargiya ce kawai

A nan ne mutanenmu da yawa su kan yi hasara. Mun saba da fitsarin jini tun muna yara, saboda tsargiya. Har a waɗansu ƙauyuka a kan ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne. Tsargiya ciwo ne da wata 'yar tsutsa ke kawowa, wadda ta ke fitowa daga katantanwar kududdufi da tafki da madatsar ruwa, ta shiga fatar mai wanka ko mai kamun kifi ko mai aikin shinkafa. Tana da magani, ƙwayar praziquantel, wadda a kan raba wa 'yan makaranta. Idan a ka bar ta shekara da shekaru ita ma ta kan jawo dajin mafitsara.

Ga bambancin da za ku lura da shi. Jinin tsargiya yawanci a ƙarshen fitsari ya kan ɗigo, kuma ya fi yawa ga yara da samari masu shiga ruwa. Amma magidanci ko uwargida mai shekara 40 ko fiye, wanda ya ga jini ya gauraye da fitsarinsa duka, ba shi da ikon cewa tsargiya ce sai an auna. Ko da an auna an ga ƙwan tsargiya, in an sha magani jinin bai ɗauke ba, ko ya ɗauke ya komo, tilas ne a ɗauki hoton ciki. Mutum ɗaya yana iya zama da tsargiya da daji gaba ɗaya.

Abin da za a yi muku a asibiti

A ɗakin shan magani na ƙauye za mu auna fitsari, mu auna jini, mu taɓa ciki. Ba mu da abin da zai nuna mana ƙoda. Don haka in mun ba ku takarda mu ka ce ku tafi babban asibiti, ba korarku mu ka yi ba. Ku tafi cikin makon nan, kada ku ce sai an gama girbi.

A babban asibiti za a fara da hoton nan da a kan yi wa mata masu juna biyu, wanda a ke shafa mai a ciki a goga na'ura. Ba zafi, ba allura. In an ga tsiro a ƙoda, sai a aika ku asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. Mutanen Nijar kuma akwai babban asibitin ƙasa a Yamai. Can za a ɗauki hoto da manyan na'urori, waɗanda likitoci ke kira siti da emarai. Su ne za su nuna girman tsiron, da ko ya shiga jijiya, da inda kansa ya tsaya, da ko ya watsu zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Za a kuma duba ɗaya ƙodar a tabbata tana aiki sosai, gama ita za ta ɗauki nauyin duka.

Wani lokaci likita ya kan sake ɗaukar hoto ana sauran 'yan kwanaki a yi aiki. Kada ku ce cin kuɗi ne. Tsiron da ke cikin jijiya yana iya ƙara tsawo cikin mako biyu ko uku, likita kuwa tilas ya san inda ya kai a ranar da zai sa wuƙa.

Yadda tsiron ke bin jijiya

Dajin ƙoda yana da wata ɗabi'a da ba kowane daji ke da ita ba. Ya kan miƙa reshe cikin jijiyar da ke ɗauke jini daga ƙoda, reshen ya yi ta tsawo yana bin inda jini ya nufa, kamar yadda saiwar itace ta kan shiga bututun ruwa ta bi shi. A cikin masu dajin ƙoda 100, wajen 4 zuwa 10 ne reshen ke kai wa babbar jijiya. Ya fi faruwa a ƙodar dama, domin jijiyarta gajeruwa ce.

A shekarar 1987 likitocin asibitin Mayo a Amurka su ka raba abin mataki 4, likitoci kuwa suna amfani da rabon nan har yau. Mataki na 1, reshen ya leƙo cikin babbar jijiya kaɗan, bai wuce santimita 2 ba. Mataki na 2, ya haura amma bai kai inda jijiyoyin hanta ke zuba ba. Mataki na 3, ya kai bayan hanta, amma yana ƙarƙashin tantanin ƙirji. Mataki na 4, ya ratsa tantanin, wani lokaci har ya shiga cikin zuciya.

To, wanda ya ji an ce ciwo ya kai zuciya sai ya yanke ƙauna. Ku saurara da kyau a nan. Yawancin lokaci reshen nan kwance ya ke cikin jijiya kamar wuƙa cikin kube, bai manne da bangonta ba, ko ya manne a wuri kaɗan. Tushensa yana can a ƙoda. Idan a ka buɗe jijiyar a hankali, ana iya zaro shi gaba ɗaya. Shigar tsiro cikin jijiya dabam ne da watsuwarsa cikin jiki. Wanda nasa ya haura har bayan hanta amma bai watsu ba, yana iya fin wanda nasa ƙarami ne amma ya riga ya kai huhu samun sauƙi.

Tarihin aikin a taƙaice

A shekarar 1869 wani likitan Jamus, Gustav Simon, ya cire wa wata mace ƙoda ɗaya a garin Heidelberg, ta kuwa rayu. Kafin ya yi haka sai da ya gwada a kan karnuka ya ga ƙoda ɗaya ta isa. A 1953 John Gibbon a Amurka ya yi aikin zuciya da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. A 1963 Charles Robson na Toronto a Kanada ya bayyana yadda za a cire ƙoda mai daji tare da kitsen da ke kewaye da ita, ba tare da an fasa tsiron ba. Dā likitoci su kan ɗauka in daji ya shiga babbar jijiya magana ta ƙare. A 1972 Donald Skinner da abokan aikinsa a Amurka su ka nuna cewa in an cire ƙodar da reshen duka, mutane da dama su kan yi shekaru da ransu. Tun daga nan aikin ya zama hanyar da a ke bi.

Yadda a ke yin aikin

Za a ba marar lafiya maganin barci, ba zai ji kome ba, ba zai san abin da a ke ciki ba sai ya farka. Likita zai buɗe ciki. Abu na fari, zai ɗaure jijiyar da ke kawo wa ƙodar jini, don jini ya ragu, reshen kuma ya ɗan saki.

Sa'an nan sai ya yi abin da kowane mai lambu ya sani. In kana so ka yashe magudanar ruwa, sai ka datse ta sama, ka datse ta ƙasa, ka toshe ƙananan hanyoyin da ke zuba a cikinta, kana ka sa hannu. Haka likita zai matse babbar jijiya a ƙarƙashin ƙoda, ya matse jijiyar ɗaya ƙodar, ya kuma matse sama da inda kan reshen ya tsaya. In ya tabbata jini ya tsaya a wannan yanki, sai ya tsaga jijiyar a tsaye, ya zaro reshen, ya ɗauke shi tare da ƙodar a haɗe. Ya wanke cikin jijiyar, ya duba ko wani ɓarɓashi ya saura, ya ɗinke ta da zare mai laushi, ya saki abin da ya matse ɗaya bayan ɗaya, jini ya koma hanyarsa. In ya tarar tsiron ya ci bangon jijiyar, sai ya yanke wurin ya yi maho, ko ya sa bututun roba na musamman. Wani lokaci, idan jijiyar ta daɗe a toshe har jini ya riga ya sami waɗansu hanyoyi, a kan cire yankin a ɗaure kawai.

A mataki na 1 da na 2 aikin ke nan. A mataki na 3 sai an kwance hanta daga inda ta ke maƙale, an juyar da ita gefe, don a kai ga jijiyar da ke bayanta. Akan kuma tsai da jinin da ke shiga hanta na 'yan mintoci. A mataki na 4 yawanci sai an haɗa kai da likitocin zuciya. A buɗe ƙirji, a haɗa marar lafiya da na'urar nan mai karɓar aikin zuciya da huhu, a buɗe ɓangaren dama na zuciya, a fitar da reshen ta sama da ta ƙasa. Wani lokaci a kan sanyaya jikin mutum ƙwarai, har wajen digiri 18, a tsai da gudun jini na ɗan lokaci kaɗan, domin jiki mai sanyi ba ya bukatar iska da yawa. In an gama a ɗumama shi a hankali. Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba. In likitanku ya ce sai a wani gari za a iya, ya faɗi gaskiya ne, ku bi shawararsa.

Haɗarin da ke ciki

Ba za mu ɓoye muku ba, babban aiki ne, ya kan ci sa'o'i da yawa. Haɗari biyu ne manya. Ɗaya zubar jini. Ɗaya kuma, wani yanki na reshen ya ɓalle ya bi jini ya toshe hanyar huhu, abin da ke iya kashe mutum nan take. Don haka ne likita ba ya taɓa ƙodar da ƙarfi sai ya datse sama tukuna. Gwargwadon hawan reshen, gwargwadon haɗarin. Akwai waɗanda ba sa tashi daga aikin, ko su rasu cikin kwanakin da ke biye.

Amma ku auna da ɗaya gefen. Wanda tsiro ya shiga babbar jijiyarsa a ka bar shi ba aiki, yawanci watanni ne su ka rage masa. Waɗanda kuwa a ka yi wa aiki tun ciwon bai watsu ba, wajen rabinsu suna nan da ransu bayan shekara 5. Ku zauna da likita, ku tambaye shi matakin da naku ya kai, da ko ya watsu, da abin da ya ke gani. Haƙƙinku ne ku sani. Marar lafiya shi zai sa hannu da kansa, mace ce ko namiji, bayan an yi masa bayani da harshen da ya ke ji.

Waɗansu su kan ce in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace. Abin da ya sa a ke faɗin haka shi ne, da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya gama watsuwa, in sun rasu sai a ɗora wa wuƙa laifi. Jinkirin ne ya yi ɓarna. Wuƙar da za ku guje wa ita ce ta gida. Kada a yi wa ƙullutun ciki tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Kada a yi ta murza shi ko a daddanna.

Abin da dangi za su yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin nan yana bukatar jini leda da yawa a ajiye kafin a fara. Ku tara 'yan'uwa da abokai masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, su je a auna su. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, abin da a ke ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Ruwan ya kan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana noma.

Maganar kuɗi kuma, ku tambayi likita tun farko abin da za a kashe, ku yi shawara a gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da inshorar lafiya ya kai takardunsa. Ku tambaya kuma ko asibitin yana da ofishin taimakon marasa galihu. Abin da mu ke gani kullum shi ne, iyali su sayar da akuya da hatsi su kashe a wurin masu magani iri iri wata shida, sa'an nan su zo asibiti hannu wofi, ciwo kuwa ya haura daga mataki na 1 zuwa na 3. Da an fara da asibiti, da kuɗin ya yi amfani.

Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zama mai jinya, shi zai riƙa jin bayanin likita. Ku adana kowace takarda da kowane hoto a jaka ɗaya. Marar lafiya ya bar taba tun daga ranar da a ka gaya masa, ya kuma faɗa wa likita dukan magungunan da ya ke sha, har da na gargajiya.

Bayan aiki

Zai kwana ɗaya ko 'yan kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, da robobi a jikinsa. Kada ku firgita, za a cire su ɗaya ɗaya. Ma'aikatan jinya za su sa shi ya tashi zaune, ya taka, ya ja numfashi mai zurfi tun da wuri. Ba mugunta ba ce, yin haka ke hana jini daskarewa a ƙafafu, ya kuma hana ciwon huhu. Yawanci a kan sallami mutum bayan mako ɗaya ko biyu. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya kama fartanya sai bayan mako 6 ko fiye, yadda likita ya ce.

Za ku tambaya, mutum ya rayu da ƙoda ɗaya? Ƙwarai kuwa. Wadda ta saura ta kan ƙara girma ta ɗauki yawancin aikin. Tun shekarar 2002 a ke dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, masu ba 'yan'uwansu ƙoda ɗaya kuwa su kan koma sana'arsu. Sai dai mai ƙoda ɗaya ya tattale ta. Ya sha ruwa isasshe, balle lokacin bazara. Ya rage gishiri. Ya riƙa auna hawan jini da sukari. Ya guji ƙwayoyin ciwon jiki na kemis da na 'yan talla, irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, gama suna gajiyar da ƙoda. In yana so ya yi azumi, ya shawarci likitansa tukuna.

Tilas ne kuma ya riƙa komawa asibiti a ranakun da a ka sa masa, ko da yana jin garau, domin ciwon ya kan komo ko bayan shekaru, in an gan shi da wuri kuwa akwai abin yi. Dajin ƙoda na manya ba ya jin irin ruwan maganin daji da a ka saba da shi sosai. Amma daga 2005 zuwa 2006 an fito da ƙwayoyi irin su sorafenib da sunitinib masu hana tsiron samun jini, daga baya kuma a ka sami allurai masu tā da garkuwar jiki ta yaƙe shi. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa ba da ɗaya daga cikinsu, pembrolizumab, bayan aiki ga waɗanda a ke tsoron ciwon zai komo musu. Suna da tsada ƙwarai, likita ne zai faɗi wanda za su amfana. Wanda kuma ciwonsa ya wuce aiki, kada a ce ba abin da za a yi masa. Akwai maganin rage zafi mai ƙarfi, akwai ƙarin jini, akwai kulawa. Ku kawo shi.

Na yara

Iyaye mata, wannan taku ce. Akwai dajin ƙoda na yara, wanda a ke kira da sunan Max Wilms, likitan Jamus da ya yi rubutu a kansa a 1899. Ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Yawanci uwa ce ke fara jinsa wajen wanka, ta ji wani abu mai tauri a gefe ɗaya na cikin yaro, yaron kuwa yana wasansa. Sau da yawa a kan ce saifa ce a kai shi wurin wanzami. Kada ku yi haka, kada kuma ku yi ta latsawa. Ku kai shi asibiti a ɗauki hoto.

Shi ma ya kan shiga babbar jijiya. Amma na yara yana jin magani ƙwarai. A kan fara ba yaro allurai mako 4 zuwa 6, tsiron ya motse, reshen da ke cikin jijiya ya ja baya, kana a yi aiki, a ci gaba da magani bayansa. A ƙasashen da a ke kai yara da wuri a kuma gama magani, wajen 9 cikin 10 su kan warke. A wajenmu ba a kai haka ba, manyan dalilai kuwa biyu ne: zuwa a makare, da gudu da yaro gida da an ga ciki ya saɓe. Saɓewar ciki ba warkewa ba ce. Ku tsaya har likita ya ce an gama.

Abin da za ku riƙe

Babban mutum ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ya je a auna. An sha maganin tsargiya jini bai ɗauke ba, a ɗauki hoton ciki. Ƙullutu a gefen ciki, na babba ko na yaro, ba a tsaga shi, ba a murza shi. An ba ku takardar babban asibiti, ku tafi cikin makon. An ce tsiro ya shiga jijiya, kada ku yanke ƙauna, ku tambayi likita ko ya watsu, ku tara masu ba da jini. Wanda ke shan taba ya bari, mai hawan jini ya riƙe maganinsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida. In akwai abin da ba ku gane ba, ku tambayi malamin asibitin garinku, aikinsa ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya. Sai wani mako, mu kwana lafiya.